Felisa a Layin Marasa Aure

Duk kasuwar garinmu a Ilocos babu wanda bai san Felisa mai tafarnuwa ba, mace mai baki kamar reza. Tana budurwa mahaifinta, da ke wanke-wanke a wani otal a Hawaii, ya cike mata takardun neman bizar ɗaukar ta zuwa can. A layin jira na 'ya'ya marasa aure aka sa ta. Duk ranar da ta yi aure kuwa, takarda ta mutu, sai dai ta rungumi miji ta zauna.

Ga Dionisio, direban babur mai ƙafa uku, ya mace a kanta. Duk shekara sai ya ce, "Felisa, mu je coci mana, mutane sun gaji da tambaya."

Ita kuma ta ce, "Gaggawar me kake? Bari a kira ni. In na sauka can, na dawo mu ɗaura, na ɗauke ka." Haka aka yi ta yi har furfura ta fara leƙo musu.

A rumfar da ke gefenta akwai Luzviminda mai kifi, bazawara, wadda yayanta da ke can ya cike mata tata takardar tun Felisa tana firamare. Layin 'yan'uwa ne, wanda ko kunkuru ya fi shi sauri. Felisa ba ta raga mata: "Manang, babbar yaya, ke ai da sanda za ki sauka birnin Honolulu na Hawaii, in ma kin sauka."

To, rabo dai ba ya tambayar mai baki. Aka wayi gari an kira Luzviminda!

Wayyo, Felisa kamar ta haɗiyi zuciya. Hassada ta fito mata ƙiri-ƙiri, ba ta ko ɓoyewa. Luzviminda ta sayo akwati, Felisa ta ce na roba ne. Ta je ta gyara haƙora, Felisa ta ce ai ƙarnin kifi ba ya fita da magani. In Dionisio ya zo ɗaukar kwandunan kifin, har da shi take zagin, yana sunkuyar da kai yana murmushi. Ita duk a zatonta kunyar bakinta yake ji.

Ta manta abu ɗaya, ita da ta haddace dokokin nan kamar addu'a: layin 'yan'uwa bai hana aure ba, har miji ake tafiya da shi. A ofishin magajin gari aka ɗaura wa Luzviminda da Dionisio aure, ba biki ba kiɗa. A bakin mai sayar da ƙwai Felisa ta ji.

Ana gobe za su tashi Dionisio ya zo rumfarta, ya cire hula, ya tsaya yana murza ta. Ta ci gaba da ƙulla tafarnuwa, ko kallo bai ishe ta ba.

Can ya ce, "Felisa... yayan Luzviminda unguwarsu ɗaya da babanki, Tatang. Ko akwai saƙon da zan kai masa?"