Hoton da ya taso mahaifiyata daga Zariya

Shekarun baya can, wajen tsakiyar alif ɗari tara da casa'in, ina sabon ma'aikaci a Abuja ina haya a Suleja, mahaifiyata ta aiko daga Zariya wai tana son hotona. Na sha wanka, na sa shadda, na tafi wajen wani mai hoto a bakin kasuwa. Da aka wanko shi ɗan ƙarami, iya tafin hannu, ni kaina sai da na ce masha Allah.

Abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce, "Haba, wannan ɗan mitsitsin za ka aika wa Inna? A faɗaɗa shi mana, ta rataye a bango."

Muka koma. Mai hoton ya ce fim ɗin ya ɓace, sai dai ya ɗauki hoton hoton. "Oga, zai fashe fa."

Na ce, "Kai dai yi aikinka."

Ran da na je karɓa ya riga ya sa shi a firam, ya naɗe da takarda. Ina sauri, ban ko buɗe ba, na miƙa wa direban garinmu a tasha.

Ranar Asabar ina wanki sai ga sallama. Mahaifiyata ce, ido ya yi ja, da gorar jiƙon sassaƙe a hannu, ƙanena na biye da ita rungume da firam. Ta kama fuskata tana jujjuyawa.

"Ina kumburin? Ina ƙurajen?"

"Wane kumburi, Inna?"

Ƙanena ya juyo hoton. Innalillahi! Kumatu kamar an hura balan-balan, fuska duk ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda, idanu sun narke sun haɗu da gira. Ashe tunda ta gani ba ta iya cin abinci ba, har maƙwabta sun fara shigowa jaje.

Na ɗauko ƙaramin na nuna mata. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta ce, "To tunda na riga na jiƙa, sai ka sha." Haka na shanye sassaƙen nan mai ɗaci, abokina na bayan ƙofa yana ƙyaƙyata dariya.

Tun daga ranar na gane kowane hoto da iya girman da zai ɗauka, in ka matsa masa sai ya yi maka sharri. Wancan babban hoton kuwa har yau yana ɗakinta. In jikoki suka tambaya wane ne, sai ta ce, "Babanku ne, lokacin da bai da lafiya."