Ranar da Ƙawata Ta Tsallake Ɗana

Hausawa na cewa in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. To ni uwar ɗa ce, kuma akwai wata Alhamis da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Sai dai a labarina babu maye ko ɗaya. Zazzaɓi ne da tsoro, sai kuma bakin mutane da ya fi su ɓarna.

A lokacin ina aure a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel, babban gida ne, da surukata da matan 'yan'uwan maigida. Katanga ce kawai tsakaninmu da wata mai suyar awara. Aure ne ya kawo ta daga tsallaken iyaka, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Ba ta da dangi a garin, ni kuma ba ni da haƙurin gulmar tsakar gida, sai jininmu ya haɗu. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ɗana na fari kuwa, mai shekara huɗu, Inna yake kiran ta, kuma a gindin kaskonta ya yi wayo. In na neme shi na rasa ba na wahalar da kaina, na san inda yake.

Wata damina zazzaɓi ya kama shi. Muka yi ta jiƙe-jiƙe muna cewa zai sauka. Ranar da maigida ya tafi kasuwar Maigatari da awakinsa, da hantsi jikin ya rikice. Yaro ya fara fizge-fizge, idanu suka kakkafe, yana sambatu. Cikin sambatun ya riƙa cewa, "Inna, ga Inna nan."

A garinmu, in mara lafiya ya ambaci wani cikin ficewar hayyaci, sai a ce ya kama suna, wato wanda ya ambata shi ya riƙe masa kurwa. Maganin kuwa a kawo mutumin ya tsallake mara lafiyan a gaban jama'a. Wanda ya yarda ya tsallaka ya amsa maita ke nan, shi da zuri'arsa, tunda ana cewa a nono ake shan ta.

Surukata ta dafe ƙirji. "Kun ji ko? Ruwa ba ya tsami banza. Dama ni jan yaron nan da take yi a jiki bai kwanta mini ba."

Na ce, "Iya, a kira ƙanin maigida ya kai mu asibiti a babur."

"Asibitin me? Allura ta taɓa sakin kurwa? Ana soka masa kin kashe shi. Jikana ba ya fita daga gidan nan sai ta zo ta tsallake shi."

Kafin in rufe baki gida ya cika. Samari suka je suka taso ta daga bakin murhu, hannunta duk mai. Malamin makarantar allon unguwarmu, wani dattijo, ya biyo su yana haki. Ya ce a ji tsoron Allah, wannan ƙazafi ne, a ɗauki yaro a nufi Gumel. Nan fa gardama ta kaure, wasu na bayansa, wasu na bayan surukata, wadda ta zauna a bakin zaure ta tare hanya. Rana na ta hawa, kowa na jawo labarin mayyar da kakarsa ta gani, ɗana kuwa yana kan tabarma numfashinsa na sama-sama.

Dattijon ya juya ga ƙawata ya ce, "Baiwar Allah, kada ki tsallaka. Kina tsallakawa kin amsa, kuma ba ki da mai wanke ki."

Sai ta dube ni. Ni ce uwar yaro, ni na fi kowa sanin ta. Da na ɗaga murya na ce ƙarya ne, ban sani ba ko da an saurare ni. Amma ban ɗaga ba, sunkuyar da kai na yi. Ba don na yarda mayya ce ba. Tsoro ne ya raɗa mini cewa a bar ta ta tsallaka, ko da akwai wani abu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta yi bisimilla, ta tsallake shi. Ta sunkuya ta ɗauke shi ta ɗora mini a hannu, ta dubi surukata ta ce, "To, Iya, na sake shi. Sai a ba su hanya."

A asibitin Gumel aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Wata ma'aikaciya ta wanke ni tas a kan jinkirin da muka yi. Aka yi masa allurai da ƙarin ruwa, har da ƙarin jini, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Da muka dawo gida na tarar labari ya riga ya zauna: tana tsallakawa yaro ya samu sauƙi. Ba wanda ya tuna da ƙarin ruwa. Awararta ta riƙa kwana a faranti. In ta nufi rijiya mata su janye 'ya'yansu. Saurayin babbar 'yarta ya ɗauke ƙafa. A lokacin bakina ya buɗe, na bi gida-gida ina faɗin abin da likita ya ce. Na zauna a ƙofar gidanta na ci awara ni da ɗana kowa na gani. Abin da na samu shi ne aka ce ni ma ta shanye ni. Kafin a gama yankan gero ta tattara 'ya'yanta ta bar garin, ko sallama ba mu yi ba.

Sai bayan shekaru na gan ta a Maigatari, kusa da tasha, tana suyarta. Ta tsufa fiye da shekarunta. Kafin mu gama gaisawa ta ce, "Ina ɗana?" Na ce yana sakandare, ya fi ubansa tsawo. Ta yi dariya har da hawaye. Babbar 'yarta, ta ce, sai da suka kai ta can wajen danginsu sannan ta samu miji, don labarin ya biyo su har nan.

Na ce, "Yaya, don Allah me ya sa kika yarda? Malam fa ya hana ki."

Ta juya awarar da ke cikin kasko kafin ta amsa. "Ke ba ki ga leɓensa ba? Da na tsaya kare kaina, da har la'asar ana gardama. Na duba na ga sunana ne ya tare ƙofa, sai na kawar da shi."

Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Na ga lokacin da kika sunkuyar da kai. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yafe tun tuni."

Ta yafe, amma sunanta bai dawo ba, har yau a ƙauyen nan da mayya ake tuna ta. Abin da na koya shi ne shaidar da ba ka bayar a lokacinta ba, ko ka shekara kana shelarta daga baya ba ta wanke kowa. Na kuma koyi abin da ya kamata kowace uwa ta sani: yaron da zazzaɓi ya gigita, sunan wanda ya fi ƙauna yake kira. Mu kuwa muka ji sunan, muka tara mata jama'a.