Malam Ilu Ya Hau Dutsen Annabi Musa da Takalmina

Duk wanda ya zauna a unguwar Faisal ta Alƙahira a 'yan shekarun nan ya san marigayi Malam Ilu, mutumin Damagaram mai aika turare da jallabiya gida. Ya kuma san ba ya shiga lif. Gidansa na can hawan ƙarshe, amma kullum da ƙafa yake hawa, takalmi a hammata, tafin ƙafa a kan siminti. In ka tambaye shi sai ya ce, "Shirin tafiya nake."

Tafiyar ɗaya ce tak: Sant Katrin, garin nan na cikin duwatsun Sina inda ake hawa dutsen Annabi Musa. Ilu ya ƙudura sai ya kai ƙololuwa da ƙafarsa kafin gwiwa ta gaza, gwiwar kuwa ta riga ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Kuma babu takalmi zai hau, wai ai a can aka umarci Annabi Musa ya tuɓe nasa.

Ustaz Nura, ɗalibin jami'a daga unguwar Darrasa da ke mana tafsiri da azumi, ya sha gaya masa: "Baba, a kwari aka yi wannan umarni, ba a kan dutse ba."

"Ka taɓa zuwa?"

"Na dai karanta."

"To, ni zuwa zan yi."

Farkon 2011 ya tara mu a falonsa, ya raba wa kowa kujerarsa a motar da ba a ma samo ba tukuna, ya naɗa mai riƙon kilishi da mai riƙon buta. Ran da ya gama magana da direba, a satin gari ya rikice da zanga-zangar juyin juya hali. Na je masa jaje na tarar yana hararar talabijin. "Ka ga Misrawan nan, Garba? Shekara da shekaru suna haƙuri, sai da na yi maganar mota."

Ni Bakano ne, kun san tsakaninmu da Damagarawa. Da aka sake shiri bayan ƙura ta lafa, na ce a ɗauki bargo, an ce garin akwai sanyi.

"Sanyin me? Ni da na tashi a duwatsun Damagaram da 'yar shara?"

"Waɗanda akuya ke hawa tana tuƙa?"

"Ji mai Dala. Wannan tarin ƙasar, ko gina rijiya aka yi ana samun irinta."

Muna isa Sant Katrin iska ta mare shi. Ban ankara ba na gan shi naɗe da dardumar salla har kunne. Na ce, "Malam, ina 'yar shara?" Ya ce, "Lazimi nake, kada ka katse ni."

Da hantsi mota ta sauke mu a gindin dutse. Ilu ya tuɓe takalmi ya miƙa wa direba, ya ce ya koma da su gari, kuma ko kuka ya ji yana yi kada ya dawo da su. Muka kama hanya bayan ɗan jagora, wani Balaraben wurin mai ƙarancin magana.

Simintin Faisal sumul yake, ba ya cizo. Nan kuwa tsakuwa ce mai kaifi, ga ta da sanyi kamar ƙanƙara. Ilu ya dafa sanda, ya dafa ni, ya dafa Ustaz. Kafin mu kai wata rumfar mai shayi a tsakiyar hanya, sawunsa ya fara barin jini. Masu raƙuma suka taso, ya kore su: "In raƙumi zan hau, me ya fito da ni daga Damagaram?"

Sannan ya zauna. Ya ɗaga kai ya dubi saman dutsen, ya ce a hankali, "Garba, ashe a nan zan tsaya."

Ɗan jagora ya tambayi dalilin tafiya haka, Ustaz ya bayyana masa. Mutumin ya nuna ƙasa da haɓa. "Ya Hajj, ai kwarin ga shi can, inda motarku ta sauke ku."

Ilu ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sai fuska ta washe. "Wato daidai wurin na tuɓe ke nan. Khalas, shi ke nan, na sauke nauyi." Ya juya wajen Ustaz. "Kai kuma me ya hana ka faɗa min tun muna Alƙahira?"

Ustaz ya ƙware da shayi. Ni ina dariya ban lura ba ashe idon Ilu na kan ƙafata.

"Bakano, ƙafarmu ɗaya ko?"

Sabon takalmi ne, takanas na saya don tafiyar. Muka naɗe masa sawu da hankici, ya zura, ya miƙe. Ni na hau raƙumi da safa har inda raƙumi ke tsayawa, na zauna ina gadin buta. Sauran matakalan, in ji Ustaz, wani wuri a tsaye ya hau su, wani wuri da rarrafe, bai yarda kowa ya ɗaga shi ba. Da ya kai, ya yi nafila, ya tambayi ta ina yamma take, ya fuskanci gida ya daɗe a tsaye.

Da ya sauko na ce, "Me ka gano?"

"Ba a ba mai safa labari."

Takalmin kuwa bai dawo ba. Na yi ta bibiya, ya ce abin da ya taka dutsen Annabi Musa ba zai koma yawon kasuwa a ƙafar Bakano ba. Da shi yake zuwa Juma'a har rashin lafiya ta kwantar da shi.

A nan Alƙahira muka binne shi, nesa da gida. Ni ban kai saman dutsen ba har yau, kuma ban ji na yi asara ba. Malam Ilu, na yafe takalmi duniya da lahira. Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ƙafafun nan da suka sha tsakuwa su ƙetare siraɗi ba tuntuɓe. Amin.