Isiyaku Direba da Kwalin Littattafan Maigidansa

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Isiyaku Direba makwancinsa a nan Dubai, ni kuwa da likita ya fi yi wa kashedi, ga ni nan ina ta ɓarnar shinkafa. Allah Ya jiƙansa. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna. Ajina uku a firamare, na ukun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Amma tuna aboki ba ya neman takardar shaida.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a Al Qusais. Ni ina ɗaurin kaya a Murshid Bazaar, shi yana tuƙa wani Bature ɗan Ingila da iyalinsa. Turanci a bakin mahaifinsa ya tsince shi, wanda ya yi wa Turawan kuza kuku a Jos. Da maigidan nasa zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa kwali guda na tsofaffin littattafan jarumta, masu jirgin ruwa da tsibiri da zinariyar da aka binne. Wasu direbobin agogo ake ba su ranar sallama, namu abincin gara aka ba shi. Mun yi masa dariya har muka gaji.

Ashe kwalin nan shi zai zame mana silima. Ran Juma'a bayan la'asar a ɗora shayi, Isiyaku ya maƙala tabarau, idonsa a kan shafi, bakinsa na zuba Hausa. Kuma kowane littafi ya buɗe, akwai Tanko a ciki, yaron Bature, mutumin Gaya. Tanko ne ya san inda ruwa yake. Tanko ne ke ƙunshe dariya idan maigida ya ɗaura laktaye don cin abincin dare a tsakiyar daji, inda ba mai ganinsa sai birai. Tanko yana da tsohuwa a gida, yana da fadamar da yake son saya, kuma duk wuya duk daɗi, ƙarshen labari yana komawa Gaya da ransa. Wata rana na ce, "Malam, wancan makon Tanko yana cikin teku, yau kuma ga shi a hamada?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Sale, ba ka san Bahaushe da yawo ba? Kai me ya kawo ka Dubai?"

Na yarda ɗari bisa ɗari. Har gardama na taɓa yi da wani ɗalibin jami'a a kasuwa, ina rantse masa cewa Turawa ba sa rubuta littafi sai da mutumin Gaya. Yaron mai ladabi ne, ya ce, "To, Baba." Rashin sani ya fi dare duhu.

A tsakanin babi da babi Isiyaku yakan ajiye littafi ya yi mana tafsirin Turawa. Cewa yake Bature kafin ya zo kan raina ka, ya gama raina ɗan'uwansa. Maigidansa yana zama gaban mota su yi hira, har ya tambayi lafiyar iyali. Amma ranar da wani ɗan ƙasarsu ya zo gyaran na'urar sanyi, yana buɗe baki uwargida ta gane daga wane irin gida ya fito, a tsaye ya sha shayinsa a kicin. Ya ce haka abin yake a littattafan. Ɗan babban gida yana iya son baransa baƙo kamar yadda yake son dokinsa, don doki ba zai taɓa neman auren ƙanwarsa ba. Wanda ba ya iya jurewa shi ne talakan garinsu da ya jawo kujera kusa da teburinsa.

Bayan rasuwarsa na ajiye kwalin a ƙarƙashin gadona. 'Yarsa Hajara a Kano ta tashi, ubanta a waya ta san shi sai kuma hutun shekara. Bara waccan ta samu aikin ba da magani a wani asibiti a nan, ta zo da mijinta da 'ya'ya biyu, na ɗauki amana na kai mata. Ba a jima ba ta kira ni. Na tarar da kwalin a bakin ƙofa, inda ake ajiye shara.

"Baba Sale, ka san abin da ke cikin littattafan nan?"

"Sani kai! Ina kika baro Tanko?"

"Wane Tanko?"

Ta ɗauko wani mai hoton jirgi a bango, wanda na sani kamar yunwar cikina, ta fassara mini. Baran ba shi da suna. Yaro ake ce masa, alhali da furfurarsa. In an yi tsawa ya ɓuya, in maigida ya yi tari ya durƙusa. A tsakiyar littafi ya tare wa maigida mashi ya mutu, aka yabi amincinsa a layi ɗaya, shafi na gaba ana cin abinci. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ta rufe littafin ta ce, "Wannan Baba ya zauna yana karantawa shekara da shekaru? Littafin da ke zaginsa, yana zagin kakana? Ba zan bari 'ya'yana su ji wannan ba."

Da farko kunya ce ta kama ni, na tuno ɗalibin nan da "To, Baba" ɗinsa. Sai na lura ba littattafai kaɗai za ta zubar ba. Shirin binne ubanta take karo na biyu, a matsayin mutumin da bai san darajar kansa ba. Na zauna a kan kwalin daram, na ce, "Khalas, ya isa haka, 'yata. An ce gani ya kori ji, amma yau ki saurari na mai ji." Na soma ba ta labarin yadda muka ji shi, ta sake buɗe littafin tana bin shafi da yatsa. Da muka iso wurin mashin na ce a namu Tanko mutuwar ƙarya ya yi, don ya gaji da ɗaukar bahon wankan maigida a ka. Suna juya baya ya karkaɗe rigarsa ya kama hanyar Gaya. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Ta sake duban shafin ta ce, "Ashe gyara su yake yi." Ita da kanta ta ce in tashi daga kan kayan ubanta.

Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce da ya ga yau. Yanzu waya ake haska wa shafi ta fassara shi nan take, na san zai ce na'ura ba ta da tausayi, ba za ta mai da Tanko gida ba. Zai yi murna ya ga 'ya'yanmu da albashi da ofis. Amma da yake wasunsu yanzu su ne iyayen gida, da masu aiki daga Uganda ko Filifin, na tabbata kafin ya zauna zai tambaya, "Wannan baiwar Allah, yaya sunanta?" A gidan Hajara dai ba zai sha kunya ba. Mai rainon yaranta Anti Roz ce a bakin kowa, kuma teburi ɗaya ake ci da ita.

Isiyaku bai bar gida a Dubai ba, motar da ya tuƙa ma ba tasa ba ce. Abin da ya bari shi ne ɗabi'ar duba wanda ke ɗauke da kaya a bayan jarumi, a ba shi suna da gari da tsohuwa. Juma'ar da ta wuce na leƙa gidan bayan la'asar, na tarar Hajara ta buɗe littafi, idonta a kan shafi, bakinta na zuba Hausa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har Tanko ya samu ƙanwa mai tuƙin jirgi. Ƙaramar jikar ta jawo hannun rigata ta ce, "Kaka Sale, da gaske Tanko ɗan Gaya ne?" Na ce, "Ni za ki tambaya? Ina zaune aka raɗa masa suna."