Kufan Tudu da Hanyar Mota

Shekarun baya can, zamanin Nasara, akwai wani kufai a kan tudu tsakanin Bodinga da Shagari, inda muke kai shanu da damina. Ba wanda ya san mutanen da suka zauna wurin. Abin da ya rage kawai zagayen duwatsu ne na gindin ɗakuna, da duwatsun niƙa da suka lotsa, da tsingaro birjik. Mahaifiyata ba ta wuce wurin sai ta yi sallama, kuma ta hana mu ɗaukar ko tsakuwa. Takan ce masu gida suna nan kwance a ƙasa.

Da aikin hanyar mota ya iso, sai aka rasa dutse a kusa. Baturen aikin ya hau tudun, ya daɗe yana dubawa. Ya sa tafinta ya tambayi dattawanmu ko wurin na kakanninmu ne, in haka ne zai bar shi, a ɗebo dutse daga nesa. Ina tsaye ina ji. Dattawa suka dubi juna. Kowa ya san mutanen kufan ba su yi salla ba, kuma ba mai son a ce daga tsatsonsu ya fito, balle a gaban baƙo. Sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ce, "Ranka shi daɗe, ba namu ba na. Arna na, haka munka iske shi."

Shi ke nan, aka zuba mu aikin tilas. Ni ma da nake taƙama da allo da alƙalami, gammo na naɗa. Da kawunanmu muka sauko da garin nan dutse bayan dutse, aka farfasa, aka daɓe hanyar da su.

Mahaifiyata ta tari kawu a ƙofar gida. Ya ce mutuncin zuriya ya tsare. Ta ce, "Wa ya tambaye ka sallarsu? Mutane na, sun niƙa hatsi sun ci kamar mu." Daga nan ba ta ƙara tada zancen ba har ta koma ga Allah.

Yau tudun fili ne fetal. Na taɓa hawa da jikokina don in nuna musu, na yi ta zagaye ban gane ko gurbin ɗaki ɗaya ba. Suka yi ta kallona da ladabi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Tun ranar na daina ba su labarin. Allah ne kaɗai ya san su wane ne, kuma bayan raina ba wanda zai ƙara tambaya.