Kwalbar Ƙwari Daga Dayi Zuwa Funtua

Dayi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, da kwalba a aljihun riga. Ni malamin gona ne. Mako uku na yi ina leƙa bayan ganyen auduga, ina kama wasu ƙwari masu tsalle da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Wani Bature masanin ƙwari da ya sauka a Funtua ya ce danginsu ba sa cikin littafi, amma ba zai raɗa musu suna ba sai ya feɗe namiji. Maza huɗu kacal na samu, na zuba su a sifirit, wani ruwan magani mai warin giya, kada su ruɓe. Shi kuwa jirgin ƙasa zai hau da la'asar.

Malumfashi

Ƙarfe bakwai motarmu ta iso, na sha koko da ƙosai na kwabo biyu. Da za mu fita, a bakin gari wani ɗan doka ya tsayar da mu.

"Malam, me ke wari a jikinka?"

"Ruwan ajiye ƙwari ne."

Ya buɗe, ya sunsuna, ya ɗaga kwalbar sama. "Jama'a ku gani, ga rawani ga giya. Ko ka zubar, ko ka sauko."

Direba ya ce, "Zubar mana, Malam, rana na yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ko warin burkutu ba na iya tsayawa kusa da shi! Na sauko, na ce ba ɗigon da zai taɓa ƙasa. Mota ta tafi ta bar ni. Awa biyu ina tsaye, 'yan kasuwa na nuna ni da baki, sai Allah ya kawo wata ma'aikaciyar asibitin mishan. Ta sunsuna ta ce, "Haba, da wannan muke wanke ciwo." Ɗan dokan ya miƙo mini kwalbata, ko haƙuri bai ba ni ba.

Funtua

Mil talatin a bayan motar hatsi, na iso ƙarfe biyu. Bature ya sa namiji ɗaya ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa. Na ga kai mai tsini, da ƙayoyi jere a ƙafar baya, da wasu ƙugiyoyi biyu a al'aurarsa. Ya ce ƙugiyoyin nan su suka raba shi da duk 'yan uwansa, sabon dangi ne sukutum. Ya rubuta dogon suna, ya kama jirginsa. Na kwana gidan ƙanena.

Gida

Washegari da la'asar na sauka Dayi, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da baiwar Allahn nan da ban ko tambayi sunanta ba. Ashe fasinjojin motar farko sun riga ni isowa, kuma ba su ga ƙarshen maganar ba. Da magariba liman ba ya nan, na matsa gaba in ja sallah kamar yadda na saba shekara shida. Sai wani dattijo ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, ka gaji da tafiya. Bari wani ya ja mu."