Shekara biyu bayan Mushe, zauren masu gyara bai daina musu ba

A watan nan maigidana ya cika shekara biyu da rasuwa. Ban taɓa kiran sunansa a ɗaki ba, ba kuma zan fara a jarida ba. Mutanen Gaya, garinmu na bakin iyaka, sun san shi da Mushe kawai, yadda muke kiran malamin lekol, wato makarantar boko, da aron Faransanci, domin ya shafe yawancin rayuwarsa yana koyar da kimiyya kafin ya yi ritaya. Da na ce zan yi rubutu a kansa, 'ya'yanmu sun zaci zancen aji da alli zan yi. Ni kuwa abin da ya fi faɗo mini a rai wani zaure ne da ya buɗe a cikin wayarsa.

Zauren na masu gyara ne: masu gyaran waya, masu haɗa faifan hasken rana, masu injin ban ruwa na fadamun shinkafa. Da tsofaffin ɗalibansa ya fara, daga baya mutanen Malanbil da ke ƙetaren gada, a ƙasar maƙwabtanmu, suka shigo, haka ma mutanen Kamba ta ɓangaren Najeriya. Yawancinsu ba rubutu suke yi ba, murya suke turowa, saboda haka ni ma na san su, ina tuƙa tuwo ina jin su. Wannan ya kira abu da sunan Faransanci, wancan ya kira shi da na Ingilishi, a yi ta ja har wani ya turo hoto a gane abu ɗaya ake nufi.

Mushe yana son musu kamar yadda wasu ke son shayi. Idan an wuni ba a yi gardama ba, sai ya jefa tambayar da ya san za ta tayar da ƙura, ya koma ƙarƙashin mangwaro yana dariya shi kaɗai. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a bar magana a koma kan mai maganar. Kuma bai taɓa korar kowa ba. Na sha ce masa, "Wannan mai bakin, ka fitar da shi mana ka huta." Sai ya ce, "In na fitar da shi, wa zai koya masa?"

Gwajin zauren ya zo ne lokacin da sojoji suka karɓi mulki. Aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi a bakin hanya ba gaba ba baya, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta ɗauke. Zukata suka yi zafi. A cikin wannan hali wata ma'aikaciyar jinya mai suna Hadiza, da ke aiki a wani ƙauye wajen Yelu, ta turo saƙo. Firijin da take ajiye allurar rigakafin yara ya fara ɗumi. Faifan ranarsu lafiya lau yake, baturan ne suka mutu, kuma ba inda za a samo sababbi. In sanyin ya tafi, allurar ta tashi aiki, ga mata suna ta zuwa da jarirai.

Sumaila, tsohon ɗalibin Mushe mai haɗa faifan rana a nan Gaya, shi ya fara amsawa. Ya ce ga motoci nan tsaye babu ranar tafiya, a roƙi direbobi aron batura biyu a kai ƙauyen. Sai Alhaji Ɗanjuma, wani dattijon mai aikin lantarki a Kamba, ya ce a'a. Baturin mota na tayar da inji ne, ba na ɗaukar firiji ba, za a kashe wa mutane batura ne kawai, kuma ranar da suka mutu ba wanda zai sani sai allurar ta lalace.

Suka yi ta ja da hujja, har Sumaila ya hasala. Na ji saƙon da kunnena. "Alhaji, ku kuka yanke mana wuta, yanzu kuma kai za ka koya mana yadda za mu zauna a duhu?"

Nan take zauren ya kama. Na Gaya suka bi bayan nasu, na Kamba suka fara mayar da martani, wasu suka fice. Aka manta da Hadiza da firijinta.

Mushe ya ajiye cokali. Ya yi magana a wayar ya goge, ya sake ya goge. Da ya samu muryar da yake so, sai ya ce, "Alhaji Ɗanjuma, don Allah gaya mana gaskiya, kai ka yanke wutar nan? In kai ne, ka taimaka ka mayar, Hajiyata tana son ruwan sanyi."

Amsa ba ta jima ba. "Mushe, wallahi ni ma tun shekaranjiya ban ga wuta a gidana ba. In kun gano wanda ya yanke taku, ku tambaye shi tawa."

Dariya ta ɓarke a zauren, har da waɗanda suka gama zagi. Amma Mushe bai tsaya nan ba. Ya ce, "Sumaila, ɗana, ban ce ka ba da haƙuri ba tukuna. Ka fara faɗa mana abin da Alhaji yake tsoro, ka faɗe shi yadda shi da kansa zai ce e, haka nake nufi. Alhaji, kai ma ka yi masa haka. Malama Hadiza tana jiranmu."

Sumaila bai dawo zauren ba sai la'asar. Da ya dawo, muryarsa ta sauka. Ya bayyana tsoron Alhaji dalla-dalla, ya ƙara da cewa, "Baba, na yi maka rashin kunya, ka yafe ni." Alhaji ya ce ya yafe, kuma shi ma ya gane yaron ba gyaran shekara yake nema ba, so yake allurar ta kwana lafiya. Ya ce har yanzu bai yarda da baturan mota ba, amma tunda babu wasu, zai faɗi yadda za a lallaɓa su su jima.

Washegari Sumaila ya ɗaure batura a bayan babur ya nufi ƙauyen. Yana haɗawa yana nuna wa Alhaji ta waya, suna gardama a kan kowace igiya. Da yamma Hadiza ta turo muryarta tana cewa firiji ya yi sanyi, a bayanta ana jin kukan jarirai da aka yi wa allura. Mushe ya kunna saƙon ya sake kunnawa, ya bi ni har madafa da shi. Ban taɓa ganin mutum yana murnar kukan yara haka ba.

Baturan sun mutu bayan 'yan watanni, kamar yadda Alhaji ya faɗa, kuma Sumaila da kansa ya shelanta a zauren yana dariya. Sai dai kafin nan an samo na gaskiya, direbobin ma an saka musu da sababbi.

Nakan tambayi kaina me Mushe zai ce da ya ga zauren a yau. Ya cika da matasan da bai sani ba. Wasu na'ura suke tambaya, su kwafo amsarta su liƙa kamar an gama magana. Na tabbata da farko zai yi tsaki, sannan ya zauna ya yi musu da na'urar har sai ta gaji. Zancen sojoji da siyasa ma yakan leƙo, a ɗan yi zafi. Har yanzu akwai masu kaifin baki. Amma ban ji an kori kowa ba, kuma ban ji an bar mai tambaya ba amsa ba.

Ranar sadakar bakwai ta Mushe, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ba wanda ya san fuskarsa. Yana cewa "Allah Ya jiƙan Mushe," Sumaila ya zabura daga kan tabarma ya ce, "Baba Ɗanjuma!" Ranar suka fara ganin juna. Suka rungume suna kuka. Ba a jima ba, daga cikin gida na jiyo muryoyinsu sun ɗaga: fankar da aka kafa wa masu gaisuwa ce ta tsaya, wannan ya ce igiya ce, wancan ya ce inji ne. Ina cikin takaba, mata kewaye da ni, dariya ta ƙwace mini, karo na farko tun rasuwarsa.

Mushe bai bar bene ba, bai bar mota ba. Ya bar mutanen ƙasashe uku da suka iya ce wa juna "ban yarda ba" su kuma ci abinci a kwano ɗaya. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya haɗa shi da abokan hira masu hujja.